Baba Inci da Ƙafar Katako

Duk wanda taga ta taɓa fashe masa a layin nan ya san Baba Inci. Mai yankan gilashi ne, shagonsa na tsakanin na mai walda da na mai gyaran fanka, kuma tun yana saurayi yake wannan sana'a har gashin kansa ya yi fari ya fara zubewa. Mai walda ne ya laƙaba masa sunan, saboda Baba ba ya iya cewa abu babba ne ko ƙarami sai ya zaro tef daga aljihu ya gwada. In ka ce masa ɗanka ya girma, sai ya ce maka inci nawa. Ana cewa ranar da aka haifi 'yarsa ta ƙarshe, kafin ya tambayi lafiyar mai jego sai da ya auna gadon jaririyar. Yana musun wannan labari, amma ba ya musunsa da ƙarfi.

Bayan tef, babu abin da yake ji da shi kamar motarsa. Wagon ce, irin doguwar motar nan mai ƙofa a baya wadda ake ɗagawa sama. Launinta ruwan ƙasa, ko da yake tsofaffin layin sun ce da can fara ce. Ta sha jiki. Ƙofar direba sai an tallafe ta da gwiwa take rufuwa, hon ɗinta kuma ya daɗe da dishewa. Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. A wurin Baba Inci motoci iri biyu ne a duniya: akwai wagon, akwai kuma salun, wato ƙaramar motar nan mai but a rufe, wadda ya ce an ƙera ta ne don mutanen da ba su da abin ɗauka sai kansu. In yana zaune a bencin ƙofar shago aka taɓo zancen mota, mai gyaran fanka kan tashi ya koma bakin aikinsa, don ya haddace karatun da za a biya.

"Salun ai akwati ce aka sa wa taya," in ji Baba. "Ka shiga, rufi a kanka, gwiwa a haɓarka. Wagon kuwa ɗaki ce da falo. Ni nan na taɓa sa madubin da ya fi ni tsawo a cikinta, na rufe ƙofa, na kai shi ko ƙwarzane babu."

Gaskiya ne, ya kai shi. Abin da ba ya faɗa shi ne, ɗakin da falon nan gilashi ne ke kwana a ciki. Tun shekarar da ya sayi motar ya kwantar da kujerar baya, ya shimfiɗa tsofaffin barguna, bai sake tayar da ita ba. 'Ya'yansa sun girma suna rakuɓewa a gefen gilashi, ana daka musu tsawa kada su jingina. Matarsa kuwa tana gaba, sau da yawa rungume da madubin wani a cinya, tana kallon kanta tun daga gida har inda za su. Ta taɓa ce masa duk garin nan babu macen da ta san fuskarta kamar ita, kuma ba don kwalliya ba.

Manaja yake kiranta, sunan kuwa ya dace da ita. Ita ta san inda makullin shago yake in ya ɓata, ita ta san wace ƙwaya ce ta safe wace ce ta yamma, ita ke raɗa masa sunayen jikoki in sun cakuɗe masa. Shi yana auna tagogin mutane, ita tana riƙe da gida, a haka suka yi ta tafiya har 'ya'ya suka watse, ba kowa a kusa sai Auta da ke aure a can ɗaya gefen gari. Ana nan sai gwiwar Manaja ta dama ta fara ciwo. Da farko ta ce sanyi ne, daga baya ta ce tsufa ne, har ta kai ba ta iya hawa matakalar ƙofar gida sai ta dafa bango. Likita ya duba hoton ƙashi ya ce sai an yi aiki.

A asibiti ne Baba Inci ya gane ashe bai iya komai ba. Auta ce ke magana da likita. Mijinta, wani natsattsen mutum mai aiki a kantin magani, shi ke bin layi, shi ya san ofishin da ake shiga da wanda ake wucewa, shi nas-nas ke nema in akwai bayani. Baba kuwa aka miƙa masa jaka aka ce ya riƙe. Ranar aikin ya zauna a baranda da jakar a cinya, tsoro ya cika masa ciki irin wanda bai taɓa ji ba. Ya rasa abin yi da kansa, sai ya tsinci idonsa yana bin tagogin barandar yana neman waɗanda aka sa a karkace. Da aka fito da ita lafiya ya so ya gaya mata magana mai nauyi, irin wadda mata ke riƙewa. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ga jakarki nan."

An ɗaure ƙafar daga cinya zuwa idon sawu da wani abu mai tauri, aka ce kada ta lanƙwasa ta sai an ba da izini. Da maganar sallama ta taso, Auta tana ninke zannuwa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Abban yara zai zo da motarsa ya ɗauki Mama. Baba, kai sai ka taho da kaya."

Maganar ta soke shi har ƙashi. Duk haihuwar da Manaja ta yi shi ya kai ta, shi ya dawo da ita. Yanzu kuma wani zai kai masa matarsa gida, a cikin salun ma, shi yana biye da bokiti da filas. Bai nuna ɓacin ransa ba, don ba ya son ya zubar da girmansa a gaban suruki. Amma ya ƙudura a ransa cewa duk abin da aka ƙwace masa a asibitin nan ya yafe, ban da wannan. Shi zai kai Manaja gida, kuma a motarsa.

Sai dai Baba mutum ne mai son hujja, ba ya gardama hannu sake. Washegari da safe ya kira surukin a waya ya ce ya ji kamar gilashin ƙofar bayan motarsa yana kaɗawa, ya biyo shago da motar a duba. Lafiyar gilashin ƙalau, surukin ma ya sani, amma ya ce, "To, Baba," ya zo. Ya tarar da Baba zaune a benci ya miƙe ƙafar dama, mai walda na tsugune yana ɗaure masa doguwar rular katako da ake ɗora wa gilashi a ja layi. Da tsummoki yake ɗaurin, tun daga cinya har dunduniya.

"Subhanallahi! Baba, faɗuwa ka yi?"

"Lafiyata lau. Yau ni ne Mamanku. Buɗe min motar taka mu gani."

Ya miƙe yana jan ƙafa, mai walda na riƙe da shi yana cizon leɓe don kada dariya ta ƙwace. Suka fara da kujerar baya. Baba ya juya baya ya saki jikinsa a kai, kujerar kuwa ta karɓe shi. Bai taɓa sanin ana yin abin zama mai laushi haka ba. Ciwon bayan da ya saba da shi har ya manta da shi ya ɗan sake shi, wani daɗi ya ratsa masa kafaɗu, bai san lokacin da ya ce "Wash" ba. Nan da nan ya mayar da shi tari.

"Ƙura," in ji shi. "Motarka akwai ƙura."

Babu ko ɗigon ƙura a motar. Amma da aka zo kan ƙafa sai Baba ya samu abin da yake nema. A miƙe ta ƙi shiga, bayan kujerar gaba ya tare ta. Da ya karkace ya jingina da ƙofa ya shimfiɗa ta a kan kujerar, ta shiga, sai dai mariƙin ƙofa ya kafe masa a tsakiyar baya. Fitowa kuwa ita ce ta zama aiki. Kujerar ta yi ƙasa, ga laushi, duk yunƙurin da ya yi sai ya ƙara nutsewa. Garin mutsu-mutsu bakin rular ya shige ƙarƙashin kujerar gaba ya maƙale. Surukin ya kama hannu, mai walda ya kama ƙafa, hula ta faɗi, mutane suka fara tsayawa. Wata mata da ta fito sayayya ta tsaya ta ce, "Sannu Baba, Allah ya ba ka lafiya. Ku bi shi a hankali mana, ba ku ga tsoho ba ne?" Baba ya amsa mata da amin, don bai ga ta inda zai fara bayani ba.

Da aka zaro shi yana haki, fuskarsa fal da murna. "Ka gani ko? Ni da nake da ƙarfina ke nan. Ina ga mace da ɗinki a gwiwa?"

Surukin ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Haka ne, Baba. Ko za ka gwada gaba?"

Ya buɗe ƙofar gaba ya danna wani ɗan maɓalli a gefen kujera. Kujerar ta yi wani ɗan gurnani ta ja da baya, ta yi ta ja, har Baba ya fara tunanin za ta fita ta but. Ya sake dannawa, ta ɗaga sama kaɗan, majinginar ta kwanta. Baba ya shiga ba tare da kowa ya riƙe shi ba. Ƙafar katako ta miƙe sambal, ba ta taɓa komai ba. Ya zaro tef, don hannunsa ba ya jin magana, ya auna tsakanin dunduniyarsa da ƙarshen wurin. Ya daɗe yana kallon tef ɗin.

"Akwai saura, Inci?" in ji mai walda.

Baba zai iya yi wa mutum ƙarya a kan gilashin da ba ya kaɗawa, amma bai taɓa yi wa tef ƙarya ba. "Akwai," ya ce. "Ɗan kaɗan."

Ya sallami surukin ya ce gilashin ba shi da matsala, wataƙila kunnensa ne. Sai da salun ta sha kwana sannan ya juyo kan wagon ɗinsa, yana cewa a ransa in ƙaramar mota ta yi wannan, to tasa za ta ninka. Suka kwashe barguna suka kama kujerar baya za su tayar. Ta ƙi. Sai da mai walda ya zuba mai a maratayarta ya bubbuga da guduma, sannan ta tashi da wata ƙara mai kashe haƙori. A ƙarƙashinta suka tsinci takalmin yaro ƙafa ɗaya, da cokali, da fensir ɗin da Baba ya taɓa zargin mai gyaran fanka da ɗauka. Rigar kujerar kuwa sabuwa fil, don rana ba ta taɓa ganinta ba. Baba ya shafa ta da alfahari ya zauna.

Benci ne. Bencin ƙofar shagonsa ma ya fi ta tausayi. Soson ciki ya bushe ya zama gari, wani ƙarfe ya taso daidai inda bai kamata ba, majinginar kuma a tsaye take cak kamar ana yi wa mutum horo. Fili dai akwai shi, sama akwai, gefe akwai, kana iya ɗaga hannu ka yi miƙa. Amma filin duk a saman kai yake, inda ƙafa za ta babu. Baba ya tuna shekarun da ya yi yana yabon kujerar da bai taɓa ɗora mata mazaunai ba.

"Bari mu ga gaba," ya ce, muryarsa ta ragu.

Ya shiga kujerar Manaja. Tsakiyarta ya lotsa, gefen dama ya fi na hagu tudu. Ya laluba ƙasa yana neman ƙarfen da ake ja kujera ta yi baya, ya ja, ya girgiza, ko motsi. Mai walda ya kasa daurewa, ya dafa mota ya yi ta dariya har da hawaye.

"Kai ka manta? Shekarar da layin dogon kujerar nan ya karye, wa ya ce in liƙe ta gaba ɗaya, wai ai matarka gajeriya ce? Waldata ce wannan, Inci. Ko mota ta ruɓe, kujerar nan tana nan."

Ƙafar katako tana waje, sauran Baba yana ciki. A haka ya zauna. Ya hango jibi, ranar sallama, ƙarara: salun a gaba da Manaja a ciki, shi a baya da bokiti. Ya waiwaya ya dubi cikin motarsa, wannan dogon fili da ya yi ta cika baki a kansa, sai wata dabara ta faɗo masa, har ya ji haushin kansa da bai tuna ta tun farko ba. Wa ya ce dole sai ta zauna? Shi da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar abin da ba ya lanƙwasuwa kuma ba ya son girgiza? Abu irin wannan ai kwantar da shi ake yi.

Ranar bai yanka gilashin kowa ba. Ya sake kwantar da kujerar baya, ya share motar ciki da bai, ya bi kowane lungu da jiƙaƙƙen tsumma yana tsince ɓurɓushin gilashi, har sai da ya shafa tafin hannunsa ko'ina bai ji abin da ya soke shi ba. Ya je gida ya ɗauko katifar ɗakin baƙi, ya auna, ta shiga daidai kamar don motar aka yi ta. Ya buɗe durowar Manaja yana neman zanen gadon da ya fi kowane tsabta, ya samu wani fari tas a can ƙasa, a ninke, da alama ba a taɓa shimfiɗa shi ba. Ya shimfiɗa, ya ja gefuna, ya soke su ƙarƙashin katifa, babu ko tattara ɗaya. Sannan ya sa aka sake ɗaura masa rular, ya hau ta ƙofar baya ya kwanta rigingine, ya ɗora hannuwa a ƙirji.

"Rufe ƙofar mu ji," ya ce wa mai walda.

Mai walda ya rufe. Ya leƙo ta gilashi ya ga abokinsa a miƙe a kan farin zane, ido a lumshe. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya buɗe ƙofar da sauri.

"Inci, ka ga..."

"Na gani mana! Ka ga fili? Salun ta yi wannan in gani!"

Mai walda ya buɗe baki, ya dubi yadda fuskar Baba ke walƙiya, ya haɗiye maganarsa. Ya ce Allah ya kai mu jibin, ya koma shagonsa.

Ranar sallama Baba ya riga kowa zuwa. Ya yi wanka ya sa kayansa na fita, ya juyo da bayan wagon daidai bakin ƙofar asibiti, ta yadda salun ɗin surukin da ta zo daga baya dole ta tsaya a gefe. Can sai ga su sun fito, nas na tura Manaja a keken marasa lafiya, ƙafar a miƙe a gabanta, Auta na biye da jakunkuna. Manaja ta rame, amma ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, tana ta kalle-kalle kamar wadda ta yi shekara ba ta ga rana ba. Baba ya tari gabansu.

"Tsaya nan, 'yata," ya ce wa nas ɗin. "Na gwada motocin nan biyu da ƙafata. Waccan tana da laushi, ban hana ta ba. Amma mai ɗinki ba laushi take nema ba, fili take nema. Ku duba nan."

Ya kama ƙofar baya ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya, ya ja gefe don kowa ya gani.

Auta ta sa hannu ta rufe baki. Surukin ya mayar da idonsa kan takalminsa. Wani mutum da ke wucewa ya leƙa motar, ya rage tafiya, ya yi wata addu'a ƙasa-ƙasa. Baba yana ta murmushi yana jiran yabo, yana mamakin abin da ya hana shi zuwa.

Manaja ta daɗe tana kallon farin zanen. Sannan ta ɗago ta dube shi, ba da faɗa ba.

"Baban Auta," ta ce, "ban mutu ba tukuna."

Sai a lokacin ya juya ya ga abin da kowa ke gani. Doguwar mota a ƙofar asibiti, ƙofar baya a buɗe, farin zane a shimfiɗe babu tattara, ana jiran a zura mutum a kwance. Abin da ya zauna a baranda yana tsoro, abin da ko a zuciyarsa ya ƙi kiran sunansa, shi ne ya yini yana gyarawa da hannunsa, har da soke gefuna. Kunya ta kama shi, amma tsoron da ya dawo masa ya fi kunyar yawa.

"Da ƙafata na shigo asibitin nan," in ji Manaja, "a zaune zan fita. Ina so in ga titi. Ina so mutanen layi su gan ni a zaune, in ɗaga musu hannu. Kuma wannan zanen na baƙi ne, wa ya ce ka taɓa min?"

Nas ɗin ce ta fara dariya, sai Auta, tana yi tana share ido. Baba kuwa ya juya ga motarsa. Ya hau ya yaye zanen da sauri ya dunƙule shi ya cusa ƙarƙashin katifa, sannan ya karɓi jakunkuna daga hannun Auta ya fara lodi. Bokiti, filas, sandunan dogarawa, duk ya jera su da kyau, don wannan kam ya iya. Ta gefen ido ya ga an tura keken zuwa salun, ya ji gurnanin kujerar nan tana ja da baya, ya ga ƙafar Manaja ta shige sambal kamar yadda tasa ta katako ta shige. Da bakinsa ya faɗa akwai saura, ga shi kuwa akwai. Ya rufe ƙofar baya ya tsaya yana jira su wuce ya bi su.

Gilashin salun ya sauka.

"Baban Auta."

Ya matso.

"Yaron nan bai san hanyarmu ba. Ramukan da ke titin nan, in ya faɗa ɗaya da ni, ɗinkin nan zai gaya min. Ka shige gaba ya bi sawunka. Inda ka kauce ya kauce." Ta juya ga surukin. "Kai kuma kada ka wuce shi, ko da tafiyar hawainiya yake yi."

"To, Mama," in ji surukin.

Baba ya so ya ce wani abu, amma ya tuna abin da ya fito daga bakinsa wancan karon, sai ya gyaɗa kai kawai. Ya tallafi ƙofarsa da gwiwa ya rufe, ya tayar da mota.

Bai taɓa tuƙi irin na ranar ba. Duk wani rami da tudu da ke tsakanin asibiti da gida ya san shi, don duk sun taɓa cin masa gilashi. Yana zuwa kusa da ɗaya sai ya rage, ya fito da hannu ta taga ya nuna, ya zagaye, ya duba madubi ya ga salun ta zagaye. Motoci suka taru a bayansu suna ta hon, wani mai babur ya wuce yana faɗa masa maganar da ba ta maimaituwa. Ko a jikinsa. Ya ɗaga masa hannu ma.

Da suka shigo titin unguwarsu ya sake duba madubi. Ta cikin doguwar motarsa, ta saman katifa da bokiti, ya hango ta a zaune. Ta sauke gilashi, ɗankwalinta na kaɗawa, tana nuna wa surukin wani abu da yatsa, bakinta na ta motsi. Ba ya jin abin da take cewa, amma ya san faɗa take yi, kuma ya san ba a kan komai ba ne. Dariya ta taso masa, ta taho da ƙwalla, titin ya yi masa dishi-dishi. Ya sa bayan hannu zai share ido.

A nan ramin ya same shi. Babban ramin nan na gaban shagon mai gyaran fanka, wanda yake kauce wa kullum safe da yamma ko da ido a rufe. Wagon ta faɗa da ƙafar gaba ta yi tsalle, kansa ya daki rufi, bokiti ya tashi sama, filas ya gangaro har ƙarƙashin ƙafarsa. Mai walda da ke tsaye a ƙofar shago ya ɗora hannu a ka. Baba bai tsaya jin zafin kansa ba, ya kai ido madubi.

Surukin ya ga tsallen da wagon ta yi. Ya taka birki, ya karya kan mota a hankali, ya zagaye ramin. Manaja ko girgiza ba ta yi ba, tana can tana ɗaga wa mutanen layi hannu.